5W-20 ko 20W-50: wane baƙin mai ya dace da zafin Gombe?

Malam Usman Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masu sani, don abin ya ɗaure min kai. Wata biyu ke nan da Allah ya hore min Corolla 2010, ta Amurka ce, ta Kwatano ta shigo. Yanzu lokacin juye ya yi. A jikin murfin da ake zuba mai an rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro. Jiya na kai ta gareji, makanikena ya ce in manta da wannan rubutun, na ƙasar ƙanƙara ne, a zafin Gombe in ba 20W-50 ba inji ba zai kai labari ba. Ya ce 5W-20 ruwa ne, kafin in kai Kumo ya ƙone. Shi kuma ƙanin maiɗakina da ke Kaduna ya ce kada in kuskura in zuba mata mai kauri. Shekara huɗu na yi ina tara kuɗin motar nan, ba na so in kashe ta da hannuna. Me zan zuba?

Hamma Yero:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Ni dai Sharon nake ja, Gombe zuwa Yola, kusan kullum ina hanya, kuma 20W-50 nake zubawa shekara da shekaru. Duk wanda ya san zafin Numan da rana tsaka, ga mutane ga kaya a bayan mota, ba zai yarda ya zuba wa injinsa tsararon mai ba.

Oga Ɗanlami Gareji:
Malam Usman, makanikenka bai cuce ka ba. Shekarata 31 da sifana a hannu, tun zamanin 504 da 505. Da 20W-50 da SAE 40 muka raini motocin garin nan, wasu har yau suna tafiya. Mai idan ya ji wuta tsinkewa yake yi, kowa ya sani. Wanda dama can tsararo ne, idan ya haɗu da zafin Afrilu me zai rage a jikin metal? Mai kauri shi ke riƙe inji, ya rage ƙara, ya rage hayaƙi.

Injiniya Bello:
Oga Ɗanlami, Allah ya ƙara girma. Ba na ja da abin da hannunka ya taɓa shekara 31, amma ka ba ni dama in warware lambobin nan, don da yawanmu a baibai muke karanta su.

Lambobi biyu ne a jikin galan, kowacce da aikinta. Ta farko mai W, harafin farko ne na kalmar hunturu a Turanci, tana nuna yadda man zai gudana lokacin da inji yake a sanyaye. 5W ana gwada shi a sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Gaskiya ne ba mu da irin wannan sanyi a Gombe, ko a Jos ma babu shi. Lamba ta biyu, wato 20 ko 30 ko 50, ita ce kaurin man a zafin digiri 100, kusan zafin da inji ke aiki a kai. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara wannan awo. A digiri 100, mai lamba 20 kaurinsa bai kai 9.3 ba, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Ka ga ke nan 50 ya ninka 20 a kauri, a daidai lokacin da mota ke gudu a titi.

To ga inda maganar zafin gari take samun rauni. Inji ba da zafin waje yake aiki ba. Ruwan lagireto yana tsayawa wajen digiri 90, ko a Gombe kake ko a Landan, saboda tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi, da fanka suna riƙe shi a wurin. Shi kuma mai yana yawo tsakanin 90 da 110. Digiri 40 ɗinmu na Maris da Afrilu da yake hana mu barci, a wurin inji sanyi ne. Zafin gari yana ɗan ɗaga zafin mai, ban musa ba, musamman a cunkoso da AC a kunne, amma ba ɗagawar da za ta sa a tsallaka daga 20 zuwa 50 ba.

Injiniya Bello:
Sannan kada mu ɗauka Amurka duk ƙanƙara ce. Akwai garin Finiks a jihar Arizona, hamada ce, a watan Yuli zafinsu yawanci yana haura digiri 40, wani lokaci ya wuce 45. Irin wannan Corolla ta Malam Usman tana yawo a can, da wannan murfin mai rubutun 5W-20, ba a canza musu ba.

Oga Ɗanlami Gareji:
Injiniya, takarda daban, gareji daban. Motar da kake magana a Arizona sabuwa aka saye ta, ana yi mata sabis kan lokaci, man da ake zuba mata na gaskiya ne. Motar Malam Usman fa? Ta gama yi wa Bature aiki shekara goma sha wani abu, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a Kwatano, Allah kaɗai ya san mil nawa ta ci kafin a taɓa mata agogo. Ringi ya saki, metal ya ɗan ci. Ka zuba mata 5W-20 yau, bayan sati uku ka zaro geji ka ga mai ya sauka rabi. Mai mota bai duba ba, sai ya ji ƙwas-ƙwas a kan hanyar Dukku. Wa za a zaga? Makanike. Ni na sauke injuna da idona na ga abin da nake faɗa.

Injiniya Bello:
Wannan magana ce mai nauyi, kuma ina karɓar rabinta. Injin da ya riga ya ci, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa ta buɗe, mai ɗan kauri yana taimaka masa. Shi ya sa ban ce wa Hamma Yero ya canza ba. Sharon ɗinsa ƙirar shekarun 1990 ce ko farkon 2000, ta sha lodi, ta sha hanya, injinta ba mai tsantseni ba ne. Shi 20W-50 ko 15W-40 ba laifi.

Amma ba kowace tokunbo ce ta ci ba, Oga. Kafin a yanke wa inji hukuncin tsufa ai sai an gwada shi. Injin da ke cikin Corolla 2010, wanda ake kira 2ZR-FE, ba shafa kaɗai mai ke yi masa ba, aiki yake yi da shi. Akwai VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, a kam biyu, da matsin mai ake juya su, man yana bi ta wasu ƙananan ƙofofi da wata 'yar rariya da ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Abin da ke ɗame cen ɗin taimin da mai yake aiki. Masu daidaita bawul ma haka. 504 ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Idan ka ba irin wannan inji mai da ya ninka wanda aka ƙera shi a kai, zai yi tafiya, ba ranar zai mutu ba. Amma kowace safiya man zai makara kafin ya hau sama, kuma a wannan ɗan lokacin ne ƙarfe ke cin ƙarfe.

Ku duba manja da hunturu. Da rana a Afrilu zuba yake yi kamar ruwa, da asubar Janairu sai an kai shi bakin murhu. Baƙin mai ba ya daskarewa haka, amma hanyar ɗaya ce. A digiri 40, 5W-30 kaurinsa wajen 60 ne, 20W-50 kuwa ya haura 150. Wannan fa a digiri 40 ke nan. To ina ga asubar Disamba da muke sauka ƙasa da 15, mutum ya tada mota zai kai yara makaranta?

Adda Maryam:
Salamu alaikum. Ni ba masaniyar inji ba ce, amma abin ya faru da ni, bari in faɗa ko wani zai amfana. Honda Accord nake ja, 2005, wadda ake ce wa EOD. Ita ma 5W-20 ne a murfinta. Shekara biyu ana zuba mata mai kauri ban sani ba, yaro nake aikawa da kuɗi ya kai ta juye ya dawo. Sai ta fara wata ƙara da safe, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, daƙiƙa biyu zuwa uku ta yi shiru. Daga baya wutar inji ta kama a dashbod, ta yi nauyi idan zan hau tudun fita gari ta hanyar Bauchi. Da aka buɗe saman injin, wallahi abin da na gani kamar kwalta, ya manne ko'ina. Mai gyaran ya ce wata 'yar rariya ce ta toshe. Kuɗin da na kashe ya fi na galan biyar na mai kyau. Tun daga nan 5W-30 nake saye da kaina a gidan mai, in tsaya a zuba a gabana.

Oga Ɗanlami Gareji:
Adda, sannu, Allah ya mayar da alheri. Amma wannan dagwalon ba kauri ne ya kawo shi ba. Ko dai man jabu ne, ko an daɗe ba a yi juye ba, ko yaron ba ya canza filta. Na sha buɗe injin da ya sha 20W-50 na gaskiya shekara biyar, cikinsa fes.

Injiniya Bello:
A nan Oga ya fi kusa da gaskiya. Dagwalo yawanci daga mai marar kyau yake zuwa, ko jinkirin juye, ko injin da ba ya ɗaukar zafi yadda ya kamata. Kaurin yana da hannu a ƙarar safe da nauyin mota, amma kwaltar da Adda ta gani ba lambar 50 ce kaɗai ta yi ta ba.

Adda Maryam:
Zai yiwu, don ban san abin da yaron yake sayowa ba. Abin da na sani dai tun da na koma 5W-30 ƙarar safen nan ta ragu sosai, kuma fetur ɗin da yake kai ni sati yanzu yana ɗan wucewa.

Alhaji Sale Mai Kayan Mota:
Ni mai nake sayarwa, bari in faɗi abin da ke kasuwa, don shi ne tushen rigimar. Dalilin da ya sa kanikawa suka riƙe 20W-50 ba taurin kai ba ne kawai. Shi ne ya fi yawa, shi ne ya fi araha, ko a ƙauye ka tsaya za ka samu. 5W-30 da 5W-20 yawancinsu sintetik ne, kuɗinsu ya kan ninka, wani ma ya fi. Kuma da yake suna da tsada su ɓarayi suka fi yi wa jabu. A tara tsofaffin galan, a ɗura mai marar sinadari ko wanda aka tace daga juye, a liƙe baki. Mai mota ya biya kuɗin sintetik, ya zuba abin da bai kai man awo ba. Idan inji ya buga sai a ce 5W-30 ne ya kashe shi, alhali bai taɓa shan 5W-30 ba.

Shawarata, duk lambar da za ka saya, ka saya a babban gidan mai ko wurin dilan da ka san shi ka san gidansa. Ka duba bakin galan ko an taɓa hatiminsa. Ka duba lambar kwanan wata da aka buga, ba wadda take gogewa da yatsa ba. Ka duba alamar API mai nuna matakin ingancin mai, na fetur da S yake farawa, SL tsoho ne na 2001, SM na 2004, SN na 2010, SP na 2020. Motar Malam Usman SM ko sama da haka take so. Idan ka ga SF ko SG a galan, wannan na tsofaffin motoci ne. Idan kuma aka ba ka farashin da ya yi ƙasa da na kowa sosai, ka ajiye ka tafi. Kuma in an gama juye ka huda galan ɗin kafin ka yar, don da shi ake cutar na bayanka.

Malam Usman Pantami:
Allah ya saka da alheri, ina biye. Akwai abin da na manta ban faɗa ba. Makaniken ya ce idan na zo juyen zai cire min tamostat gaba ɗaya, ya haɗa fanka dairek, da an kunna mota ta fara juyawa. Ya ce haka ake yi wa duk motar da ta shigo Arewa don kada ta tafasa.

Injiniya Bello:
Malam, don Allah kada ka bari a taɓa. Wannan ya fi maganar man ma haɗari a wurina. Tamostat ɗin Corolla yana buɗewa ne wajen digiri 82. Kafin nan yana tare ruwa don inji ya yi saurin ɗaukar zafinsa. Idan aka cire shi, inji zai daɗe a sanyaye, da hunturu ma ba zai taɓa kai zafin aikinsa ba a zirga-zirgar cikin gari. Kwamfutar motar tana ganin inji da sanyi sai ta ƙara feshin fetur, kamar an ja cok an manta. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Raɓar da ke taruwa a ciki, wadda zafi ya kamata ya kora, ta zauna ta haɗu da mai. Dagwalon da muke magana ke nan. Ka haɗa inji mai sanyi da 20W-50, ka ga an haɗa masa biyu: mai kauri, kuma ba zai samu zafin da zai sassauta ba.

Motar da take tafasa akwai abin da ke damunta. Lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa, ko fanka ba ta tashi kan lokaci, ko shi tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe. In shi ne, sabo ake sawa.

Oga Ɗanlami Gareji:
A wannan kam muna tare da Injiniya. Da can mun cire, ba zan ɓoye ba, zamanin kafireto haka aka koya mana. Amma tun da motocin injekta suka yi yawa na daina, don na ga masu su suna dawowa da kukan shan fetur da baƙin filogi. Malam Usman kada ka yarda. Kuma ka daina zuba ruwan rijiya a lagireto, ka sayi kulan, shi ke hana tsatsa da toshewa.

Hamma Yero:
To ni tawa tun da na saye ta babu tamostat, kuma ba ta taɓa ba ni matsala ba.

Oga Ɗanlami Gareji:
Hamma, kai daga tasha sai Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, awa uku zuwa huɗu inji na gudu da lodi, dole ya ɗau zafi ko babu tamostat. Malam Usman daga Pantami zuwa wurin aiki ne, minti goma ya kashe mota. Ba ɗaya kuke ba.

Auwal Bolari:
Afuwan iyayena, in ɗan shigo da tawa. Boxer nake ja. Idan 5W-30 ya fi kyau, in saya in zuba wa mashin ɗina?

Injiniya Bello:
A'a Auwal, bar mashin ɗinka a kan man mashin. Naka iska ce ke sanyaya shi, ba ruwa ba, zafinsa ba shi da mai riƙe shi, don haka shi kam zafin gari yana taɓa shi kai tsaye, 20W-50 ko 20W-40 ya dace da shi. Sannan kulocinka a cikin mai yake wanka. Man mota na zamani akwai sinadarin rage gogayya a ciki, zai iya sa kuloci ya riƙa sulɓewa. Ka nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jiki.

Auwal Bolari:
Na gode Yaya.

Alhaji Sale Mai Kayan Mota:
Injiniya, akwai abin da nake so ka amsa tsakani da Allah. Na taɓa ganin littafin Corolla ta 2005, ba ta Amurka ba, a ciki akwai jadawali mai kibiyoyi, har da 15W-40 da 20W-50 a jerin man da aka yarda a zuba. To in kamfanin da kansa ya yarda, me ya sa kuke tsoratar da mutane?

Injiniya Bello:
Alhaji, ka ga daidai, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Littattafan Toyota na ƙasashe da dama, musamman na injunan wancan lokacin, suna kawo jadawali daga 5W-30 har zuwa 20W-50, kowanne da iyakar sanyin da zai iya ɗauka. Kuma gaskiya ne cewa komawar Amurka zuwa 5W-20 akwai hannun dokarsu ta rage shan fetur a ciki. Shi ya sa ban ce 20W-50 guba ba ne, kuma ban ce duk wanda ya zuba 5W-30 a inda aka rubuta 5W-20 ya yi laifi ba. Littafin da kansa yana nuna cewa mai ɗan kauri zai iya dacewa da motar da ke gudu sosai ko ɗaukar nauyi.

Amma a lura, wanda aka yarda da shi daban, wanda aka fi so daban. A wannan jadawalin ma marar kaurin ne aka nuna ya fi dacewa. An buɗe ƙofar 20W-50 ne saboda ƙasashen da samun wani mai yake da wuya. Kuma injin 2005 ba shi ne na 2010 ba, na bayan ya fi dogara da matsin mai.

Ga abin da zan yi da a ce motar Malam Usman tawa ce. Idan na samu 5W-20 da na tabbatar na gaskiya ne, zan zuba hankali kwance. Idan ban samu ba, ko ina yawan doguwar tafiya da iyali da kaya da AC, 5W-30 zan zuba, shi ya fi samuwa ma a nan, kuma taki ɗaya ne kawai sama da abin da ke murfi. Sai in riƙa zaro geji kowace Juma'a da safe kafin in tada mota, a wuri mai daidai, in ga ko yana sauka. In bayan kilomita 1,000 bai motsa ba ko ɗan kaɗan ya yi, injin lafiya lau, magana ta ƙare. In ya sha da yawa, ko ana ganin shuɗin hayaƙi a salansa, to maganar Oga ta tabbata, sai a hau 5W-40 ko 10W-40 a ci gaba da lura. Hawa ake yi taki-taki, inji ne zai faɗa maka inda zai tsaya.

Oga Ɗanlami Gareji:
In dai zai duba gejin. Matsalata da masu mota ke nan, ba sa buɗe bonet sai ta tsaya. Mai kauri yana yi wa marar lura afuwa, tsararo ba ya yi. In Malam Usman ya yi alkawarin dubawa, ban hana shi 5W-30 ba. 5W-20 dai har yanzu hankalina bai kwanta da shi ba a garin nan, ko Arizona ko ba Arizona ba.

Malam Usman Pantami:
Na yi alkawari Oga. Tambaya biyu suka rage. Lita nawa zan saya? Kuma bayan tafiya nawa zan sake juye? Makaniken ya ce duk 3,000.

Alhaji Sale Mai Kayan Mota:
Lita 4.2 take sha idan an canza filta. Galan mai lita 4 ba zai kai ta layin sama ba, ka sayi mai lita 5, ragowar ka ajiye a but don ciko. Kada ka bari a juye duka biyar ɗin a ciki, wasu yara suna yi wai kada a yi asara. Mai ya wuce layi shi ma cuta ne, kumfa yake yi, yana tura sil.

Injiniya Bello:
Kan maganar 3,000, ka fara duba agogon motarka. Ta Amurka ce, da mil take ƙirga, ba kilomita ba. Mil 3,000 kusan kilomita 4,800 ne. Toyota ta sa wa wannan motar mil 5,000, wato kilomita 8,000, ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. A yanayinmu ni ragewa nake yi, don a nan ne Gombe ta bambanta da can da gaske: ƙurar hunturu, hanyoyin unguwa marasa kwalta, gajerun tafiye-tafiye, da fetur ɗin da ba kullum yake da tsabta ba. Da sintetik na gaskiya, kilomita 5,000 zuwa 6,000 ya yi, wato dai maganar makanikenka ba ta yi nisa ba in da mil yake nufi. Ka canza filta duk juye. Filtar iska kuma ka duba ta sau biyu tsakanin Nuwamba da Fabrairu, in ta yage ko ta cushe ka sa sabuwa, ƙurar da ta wuce ta ita ke cin ringi fiye da kowace lambar mai.

Kuma kada a wanke maka cikin inji da kananzir ko gas kafin a zuba sabon mai. Yana ɓamɓaro datti ya je ya toshe rariyar famfon mai. In kana zargin cikin da datti, ka yi juyen farko da wuri, bayan kilomita 2,000, shi ya fi aminci.

Adda Maryam:
A ƙara masa da maganar wannan abin mai kama da zuma da ake zubawa a kan mai. Ni ma an sha tallata min.

Oga Ɗanlami Gareji:
Tiritimen. Wannan na injin da ya gama yawo ne, ana lallaɓa shi kafin a samu kuɗin ringi. Motar Malam ba ta kai nan ba, kada ya zuba.

Malam Usman Pantami:
Salamu alaikum jama'a. Na dawo da bayani, yau kwana 24 da juye. Na sayi 5W-30 mai alamar SN a gidan mai, lita 5, da sabuwar filta, na tsaya aka zuba a gabana. Tamostat na ce a bar shi, makaniken bai ji daɗi ba amma ya bari. Na je Bauchi na dawo sau biyu, sau ɗaya da iyali da AC tun daga Gombe har Alkaleri ban kashe ba, allurar zafi ba ta wuce inda take tsayawa ba. Agogo ya nuna mil 640 tun daga juyen. Geji na duba Juma'a uku, ya ɗan sauka daga layin sama, bai kai faɗin farce ba. Ban sani ba ko wannan sha ne ko daidai ne.

Injiniya Bello:
Mil 640 ya ɗan haura kilomita 1,000. Faɗin farce a wannan tafiyar ba abin damuwa ba ne, kowane inji yana ɗan taɓawa. Kada ka cika yanzu, ka bar shi ka ga inda zai kai a mil 1,500, a nan za ka san ainihin cinsa.

Oga Ɗanlami Gareji:
Alhamdu lillahi. Amma wannan watan ba gwaji ba ne, Malam, gari da sauran sanyi. Ka bari Afrilu ta shigo. Kafin nan ka biyo ta gareji da safe, kada ka ɗumama ta sosai, ina so in ji ƙararta da kunnena, in leƙa salansa, in duba ƙarƙashi ko sil yana gumi. Ba sai ka biya komai ba.

Malam Usman Pantami:
Na gode Oga, Allah ya bar zumunci. In sha Allahu Asabar da ƙarfe takwas ina wurinka.